Musayar mota da ciko: abin da za ka yi in dila ya dawo ya ce bai yarda ba

Bara bayan ƙaramar sallah na yi musayar mota da wani dila a nan Birnin Kebbi, ba zan kama sunanshi ba don mun riga mun sasanta, har yau in mun haɗu wurin ɗaurin aure muna gaisawa. Na ba shi Peugeot 406 ɗina da na shekara shida ina hawa, ya ba ni Corolla 'yar Kwatano. Ya yi ma tawa kuɗi miliyan 1 da dubu 800, tashi kuma miliyan 5 da rabi, kenan ciko miliyan 3 da dubu 700 ke kaina. Na tura mashi miliyan 3 nan take, sauran dubu 700 munka yi da shi sai ƙarshen wata, shi kuma ya riƙe orijinal na takardun Corollar ya miƙo man fotokwafi. Bakanikenshi ya buɗe bonet, ya tada 406 ɗin, ya kasa kunne ya saurari inji, sunka zaga da ita har Kalgo sunka dawo, Alhaji, wato dilan, ya ce ya sallama nima na ce na sallama, anka yi Allah sa albarka kowa ya kama gabanshi.

Kwana tara sai ga waya. "Malam, motar ga taka hwa inji ya buga, ka san da matsala ka ɓoye man. Ko ka kawo dubu 400 na gyara, ko ka maido man motata ka kwashi gwangwaninka."

Toh abin da na koya cikin sati uku da munka kwashe muna ja-in-ja shi nake son in baje a nan, saboda na lura yanzu da kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi kusan kowa musaya yake yi, ka kai tsohuwa ka ɗora ciko ka fito da wata, kuma rigimar iri ɗaya ce ko a Jega ne ko Kamba ko Yawuri.

Na farko dai, ranar da ya kira ka kar ka yanke komai. Kar ka ce ka yarda, kar ka ce za ka kawo wani abu, kuma kar ka yi zagi. Akwai wata kalma tamu ta kunya, "ba komai Alhaji, za mu duba", wallahi ita ce ke kashe mutane, don gobe gaban manya cewa zai yi ai ka amsa laifinka har ka ce za ka biya. Abin da za ka ce kawai shi ne: "Alhaji na ji, ka turo man bayanin ta WhatsApp, mi ya lalace, yaushe, wa ke tuƙi, kuma a bar motar yadda take kar a kwance komai sai na zo da bakanike." Shikenan ka kashe waya. Sannan in za ka je wurinshi kar ka kuskura ka je da motar da ya ba ka, hau kabu-kabu ko ka roƙi wani ya sauke ka. Na san wanda ya shiga filin dila da mota don a yi magana, kafin ya gama gaisuwa yara sun tokare ta da wasu motoci biyu gaba da baya, mota ta kwana nan, daga mai haƙƙi ya koma mai roƙo.

Na biyu ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka tsakani da Allah, ka san da wanga aibi ko ba ka sani ba? Don a musaya kai mutum biyu ne a ciniki ɗaya, motar da ka karɓa kai ne mai saye, wadda ka bayar kuma kai ne mai sayarwa, kuma kowane ɓangare da hukuncinshi. In ka san giya tana zamewa in mota ta yi zafi ka kai ta da sassafe don kar a gane, ko ka zuba baƙin mai mai kauri don inji ya yi shiru, ko ka sa an juya mita, ko Alhaji ya tambaye ka ta taɓa hatsari ka ce a'a alhali rabin gefenta fila ne, to ɗan'uwa kar ka ɓata lokacinka da karanta sauran, je ka nemi sulhu ka biya abin da ya sawwaƙa. Hadisin nan na wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu ba 'yan kasuwa kaɗai ya kama ba, har da mai kawo mota.

In kuwa ba ka ɓoye komai ba, to ƙafarka na kan dutse, amma ka san inda dutsen ya tsaya.

A dokar boko, wato dokar saye da sayarwa da munka gada daga Ingila ta 1893 wadda dokokin jihohi sunka ɗoru a kanta, nauyin tabbatar da ingancin kaya yana kan wanda sana'arshi ce sayar da irin wanga kaya. Kai ba dila ba ne, malamin makaranta ne ko ma'aikaci ko manomi da ya gaji da motarshi. Kuma ko a kan ɗan kasuwa ma, in mai saye ya duba kaya da kanshi, ba shi da bakin dawowa kan aibin da dubawar ya kamata ta nuna mashi. Shi kuwa dila sana'arshi kenan, da bakanikenshi da fentanshi da mai wayarshi, wasu har kwamfuta suke jona ma mota, kuma farashin da ya yi ma tsohuwar motarka ai ya riga ya zaftare kuɗin gyara da ribarshi a ciki, shi ya sa in ka kai ta kasuwa da kanka za ta fi haka daraja. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A ɓangaren shari'ar Musulunci kuma, kuma ita ce akasari za a yi maka hukunci da ita in kun je kotun shari'a a nan Kebbi ko Zamfara, akwai ɗan bambanci da ya kamata ka sani don kar ka shiga da ƙarfin gwiwar da ya wuce kima. Mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in ya tarar da aibi tsoho, wanda yake nan tun kafin ciniki, ɓoyayye, kuma mai rage daraja, ko da mai sayarwa bai san da shi ba. Amma aibin da ya faru bayan kaya ya shiga hannunshi nashi ne. In an faɗa mashi aibin ko ya gan shi ya saya a haka, babu zaɓi. In ya gano aibin kuma ya ci gaba da amfani da kayan, malamai na ɗaukar wannan a matsayin ya yarda. Sannan ƙa'idar da kowane ɗalibi ya hardace, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Shi ya ce ka cuce shi, to shi zai kawo hujja, ba kai za ka tabbatar da cewa motarka lafiya take ba. Kuma mai rarrabe tsohon aibi da sabo ba Alhaji ba ne ba kai ba ne, masana sana'ar ne.

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nawa ya warware. Ku haɗu ku zaɓi bakanike ɗaya da ba naka ba ba nashi ba, in kun kasa daidaitawa ku je wurin shugaban kanikawa na ƙungiyar NATA ya ba ku mutum, kuɗin dubawa ku raba biyu ko ku yi sharaɗin wanda gaskiya ta kayar shi zai biya. A buɗe injin gaban idonka, kai kuma kana ɗaukar bidiyo. Tambayar da za ka yi ma bakanike guda ce amma ka yi ta gaban shaidu: wanga lalacewa ta kwana da kwanaki ce ko ta rana ɗaya? Inji ba ya bugawa haka kawai, ko baƙin mai ya ƙare anka ci gaba da gudu, ko ruwa ya tsiyaye daga lagireto mota ta yi zafi direba bai tsaya ba, ko bel ya tsinke. A duba mita a gwada da hoton da ka ɗauka ranar ciniki in kana da shi. A duba ko an taɓa wasu kaya, don wani lokaci kafin a kira ka an riga an cire batir mai kyau an sa mushe, an kwance abin nan na salansa da kanikawa ke ce ma indomi an sayar, sannan a ce motarka ce ba ta da lafiya. Ni Allah ya taimake ni ƙanena ya ɗauki bidiyon 406 ranar da za a rabu da ita, na ban kwana wai, yana ta surutu yana nuna sitiyari, ashe mita ta fito tar a ciki. Da anka gwada sai ga ƙarin kilomita ɗari shida da wani abu cikin kwana tara, ashe yaron Alhaji ya yi Sakkwato da ita ya dawo har ya ƙara da Argungu, tiyon lagireto ya fashe a hanya ya ƙi tsayawa. Alhaji kanshi bai sani ba, yaron ne ya shirya mashi labari. Shi ya sa na ce kar ka fara da zagi, ba kowane dila ne ke da niyyar cuta ba, wani shi ma cutarshi anka yi.

Kafin wanga zama ka tattara duk abin da ke hannunka, alat na kuɗin da ka tura ko ka je banki a buga maka sitetimen, rasit in ya ba ka, hirarku ta WhatsApp da saƙon murya ka tura ma wani amintacce don kar waya ta ɓace ko ya goge nashi gefen, hotuna, da mutanen da ke wurin lokacin da anka sallama. Ɗan kamashon da ya haɗa ku ya ci la'ada shi ma shaida ne, duk da dai kar ka jingina da shi sosai, gobe da jibi abincinshi na wurin Alhaji ba wurinka ba.

Sai maganar sauran ciko, a nan mutane da yawa ke yin kuskure. Zuciya za ta ce maka tunda ya tada rigima kai ma ka riƙe kuɗinshi. Kar ka yi. Ranar da kunka yi alkawari ka biya, ta banki, ka rubuta a wurin bayani cewa cikon kuɗin mota kaza ne mai lamba kaza, ko in kana tsoron ya karɓe ya ƙi sakin takardu to ka kai kuɗin hannun shugaban dillalai ko wani dattijo da kunka yarda da shi gaban shaidu, a yi ba ni in ba ka. Da zarar ka saɓa ranar biya ka ba shi sandar dukanka, rigima ta tashi daga inji ta koma kai ne mai taurin bashi.

Yanzu ɓangaren da kake mai saye, wato motar da ya ba ka. A nan akwai dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar CPC. Dokar ta ce mai sayar da kayan hannu ko wanda anka yi ma kwaskwarima ya bayyana hakan, ta ce a ba mai saye shaidar ciniki a rubuce, ta hana yaudara da ƙarya kan kaya, kuma ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da bai kai ingancin da ya kamata ba, a gyara mashi ko a sake mashi ko a maido mashi kuɗinshi. Hukumar ta sha faɗin cewa rubutun nan na "kaya in ya fita ba ya dawowa" ba ya soke haƙƙin mai saye. Ba wai ana nufin motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo a Turai ta zama sabuwa dal ba, taya da birki da shokozoba dole ka sa ran canzawa, amma in ya ce maka ba a taɓa hawanta a Najeriya ba ashe ta shekara uku tana jigila an sake mata fenti, ko ya ce injinta na asali ne ashe an sauya, ko ya ce dutinta cikakke ne ashe takardar kwastam ta bogi ce, wannan kana da magana babba. Maganar duti kuwa mu nan ta fi shafa, tun Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma ga Benin ga Nijar a bakin ƙofa, kowa ya san motoci ba su daina bi ta daji ba, in kwastam sunka tare ka a hanyar Kontagora ba ruwansu da wanda ya sayar maka, motar da ke hannunka za su ɗauka. Don haka tun rigima na ɗanya ka gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke takarda harafi da harafi, ka kai takardar ofishin kwastam a tantance. Sau da yawa dilan da ya san tashi motar ma da sauran magana, yana jin ka fara wanga bincike sai murya ta yi ƙasa, kifi na ganinka mai jar koma.

In magana tsakaninku ta ƙi, kar ka yi tsalle zuwa kotu. Fara da shugaban dillalan wurin, suna da ƙungiya, AMDON ake ce mata a ƙasa baki ɗaya, kuma ko ba ita ba kowane fili akwai dattijon da ake jin maganarshi. Wasu za su ce ai nasu ne za su goya mashi baya, eh akwai wannan, amma su ma suna tsoron sunan filinsu ya ɓaci a gari ƙarami irin namu inda labari ke kai Gwandu kafin la'asar. Ka je da babba, kawunka ko yayanka ko limamin unguwa, ka bar shi ya buɗe magana, kai ka riƙe takardu ka yi ta ranka ya daɗe. In nan bai yi ba akwai Hisba, suna sulhun irin wanga rikici na kuɗi, sai dai ka sani sulhu ne suke yi ba hukunci ba. Duk abin da anka cimma a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, a sa jimlar cewa magana ta ƙare babu mai sake neman wani da komai kan waɗannan motoci biyu.

'Yan sanda fa? Wannan ita ce barazanar da za a fara yi maka, "zan sa a ɗauko ka". Ka sani dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 ta ce ba a kama mutum don kawai saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya, kuma a sashe na 36 ta hana a kama wani a madadin wani, wato ba za a ɗauki ƙanenka ko matarka don ba a same ka ba. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Amma in an gayyace ka ka je, kar ka gudu, ka tafi da fotokwafin komai da mutum ɗaya ko lauya in da hali, ka faɗi cewa ciniki ne kuma a shirye kake a je kotu, kar ka sa hannu kan takardar alkawarin biyan kuɗi don kawai a sake ka ka kwana gida, kar kuma ka miƙa makullin mota. Inda abin ke zama na 'yan sanda da gaske shi ne in akwai takardun jabu ko motar sata ko zamba ƙarara, ta kowane gefe.

FCCPC ana kai mata ƙorafi ta shafinta na intanet, ka ɗora rasit da hotuna da bayanin abin da ya faru, amma ka tuna ita kan motar da ka saya za ta tsaya maka. Kotu ita ce ta ƙarshe, kotun shari'a in ku duka musulmi ne, ko ta majistare, wanda ba musulmi ba kuma ba a tilasta mashi kotun shari'a. Mara ƙarfi ya leƙa ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka ma marasa hali kan harkar shari'a, ya nemi shawara. Kafin ka shigar da ƙara ka yi lissafi da kyau, in dubu 100 ce ke tsakaninku, zirga-zirga da ɗage zama da kuɗin lauya na iya cinye fiye da haka.

Akwai kuma hanyar warware ciniki da yardar juna, iƙala, kowa ya karɓi motarshi da kuɗinshi, kuma akwai lada ga wanda ya yarda ya warware ma ɗan'uwanshi da ya yi nadama. Amma alheri ne ba tilas ba, kuma in za ka yi, motarka ta dawo yadda ka bayar da ita tana tafiya da ƙafarta, cikonka ya dawo cif a rana ɗaya ba kaɗan-kaɗan ba, kuɗin da ka kashe kan tashi kamar sabis ko sabbin tayu a yi maganarsu tun kafin a miƙa makulli.

Abu na ƙarshe da na yi sakaci da shi sai daga baya wani abokina ɗan sanda ya ja man kunne, motar da ka bayar tana nan da lambarka da sunanka har sai an yi canjin mallaka. A yanayin tsaron da ake ciki, in anka yi aika-aika da ita ƙofar gidanka za a fara ƙwanƙwasawa. Don haka ko an sasanta ko ba a sasanta ba ka tabbatar kana da takarda mai kwanan wata har da ƙarfe nawa ka miƙa ta, da lambar shasi da ta inji, da abin da mita ke nunawa, da kuɗin da anka yi ma kowace mota daban, da aibin da ka faɗa da bakinka an jera su, da jimlar cewa dila ya duba da bakanikenshi ya karɓa a yadda take, sa hannunshi da na shaidu. Rabin shafi ne, ko a bayan katin gayyatar biki ana iya rubuta shi, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mu kuma sai mu ce kunya.

Ni dai ranar da wata ya ƙare na kai dubu 700 ɗin gaban shugaban dillalai, Alhaji ya ciro takardun Corolla daga aljihun mota ya miƙo man, ban ƙara ko sisi kan inji ba, na dai biya rabin kuɗin bakaniken da ya duba don mun yi da shi haka. Takardar miƙa 406 kuma a ranar munka rubuta ta, da kwanan watan da na bayar da ita na asali, shugaban da kawuna sunka sa hannu.